Malamin Kwamfuta da Mai Wanke Masa Riga

Duk wanda ya zauna a unguwar Manshiya ta Sabha a shekarun da rediyo ke kwana yana tashi da zancen haɗin kan Afirka, ya san Mushe Zabeirou, mushe kuwa shi ne yadda 'yan Nijar ke kiran malamin boko. In bai san sunansa ba, ya san tabarau ɗinsa wanda ba likita ne ya rubuta masa ba, da jakar fata a kafaɗa, da irin tafiyar nan ta mutumin da ilimi ya yi wa nauyi. Shi ne malamin kwamfuta a makarantar firamaren da ƙungiyar 'yan Nijar mazauna garin ta buɗe wa 'ya'yanta a unguwar Gurda. Leburorin da suka kwaɓa siminti tare da shi bara, yanzu sai sun goge hannu a wando kafin su miƙa masa. Kowa na cewa Allah mai iko, ashe bawan Allahn nan ɓoye kansa ya yi a cikin 'yan ƙwadago.

Ɓoyon kam ya yi, amma ba kansa ya ɓoye ba. Wadda ya ɓoye tana hawa na biyu na wani gidan haya, bayan garejin gyaran motoci, tsugune a gaban baho tana cuɗa masa wuyan riga. Sunanta Hindatou, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya.

Ita ce ta yi shekara biyu a Damagaram tana koyon kwamfuta har ta karɓi difloma. Shi ya buga waya ya ce makaranta na neman malama, ta taho da takardunta maza. Ta ratso hamada a bayan mota, ta sauka da kumburarrun ƙafafu. Ko hutawa ba ta yi ba ya karɓi fasfonta da diflomar, wai zai kai a yi mata iƙama, takardar zaman ƙasa. Bayan mako biyu ya shigo gida da sabuwar riga da tabarau.

"Yaya, yaushe zan fara?" ta tambaye shi.

"Fara me?"

"Aikin lakwal mana, makarantar da ka kira ni dominta."

Ya zauna, ya tuɓe takalmi, ya tura mata su da ƙafa. "Direktan ya ce yanzu namiji suke so. Kin san halin mutanenmu. Da in bar gurbin ya faɗa hannun bare, sai na ce bari in riƙe miki. Kujerar nake ɗumama miki."

"Da wace takarda suka ɗauke ka?"

"Da takardar gidanmu mana. Ke 'yar Illia, ni ɗan Illia. Mai hoton takardu ya ɗan taɓa sunan farko, shi ke nan. Ko Illia ke kaɗai ya haifa?"

Ya zaro sabon littafi da biro daga jaka ya ajiye a cinyarta. "Rubuta min darasin gobe. Da manyan baƙaƙe, kuma ban da dogon turanci."

Haka zaman ya miƙe. Kullum bayan la'asar Hindatou ta zauna a tabarma tana karanta darasi, Mushe Zabeirou yana kishingiɗe a katifa yana bita kamar ɗan makarantar allo, sai dai shi wannan ɗalibi shi ke tsawata wa malamin. In ya kasa riƙe kalma, ita ce ba ta iya bayani ba. In ya riƙe, kaifin kan gidansu ne, wanda maza suka fi gada.

Makarantar ba ta da kwamfuta ko ɗaya a shekarar farko, don haka aikin ya zo masa daidai wuya. Hindatou ta zana na'urar a takarda, shi kuma ya kwafa a allo, ta fito kamar akurkin kaji, yara suka kwafi akurkin a littattafansu. Da ta ji haka, ranta ya ƙi kwanciya. Ta tara kwalayen taliya, ta yanka su, ta zana wa kowane yaro allon maɓallai da harafi-harafi a gurbinsa, don yatsunsu su saba tun kafin su ga na gaske. Ta haɗa musu 'yar waƙa ta jerin haruffan, ta koya wa yayan nata, yana yi yana tsaki. Kwana uku bayan nan ya dawo yana washe baki.

"Direktan ya yaba da dabarata a gaban malamai duka. Ki ƙaro goma, 'yan aji huɗu ma suna so."

Matar gidan, Saoudé, tana sayar wa leburorin Gurda abincin rana. Wato dai sunanta ne ke kan sana'ar, kamar yadda sunan mijinta ke kan diflomar. Tun da Hindatou ta zo, bayan Saoudé ya fara ciwo, irin ciwon da ke tashi in an ɗora tukunya, ya kwanta in an sauke.

"Tunda kina zaune ba aikin fari ba na baƙi, ɗan gyara min shinkafar nan," in ji ta. Daga gyaran shinkafa aka koma yankan albasa, daga nan aka koma wankin tukwane, har dai ya zama Saoudé ba ta taɓa komai a kicin sai ɗanɗanon gishiri. Hannun Hindatou ya tsattsage da sabulun wanki, farcenta ya karkarye. Ran da ta nuna wa Saoudé yatsunta, sai ta leƙa ta ce, "Ai hannun mace kenan. Ni ban shiga lakwal ba, ga ni da mijina da ɗakina. Ke da kika shiga, to, ga ki nan."

Waje kuwa babu fita. Zabeirou ya ce 'yan shurɗa, wato 'yan sandan garin, na kwasar duk baƙon da ba shi da takarda, iƙamarta kuma har yanzu tana ofis, ofishin da ba shi da suna, kuma kullum gobe ake dawowa. In zai fita sai ya ja ƙofa, Saoudé ta murza makulli ta ɗaura a bakin zane. Rediyon garejin ƙasa yana ta shela cewa Afirka ta zama gida ɗaya, an rushe iyakoki, ɗan Afirka ya shiga inda ya ga dama. Hindatou takan saurara tana wanke-wanke. Ita dai iyakarta ba ta rushe ba, tana nan a bakin matakala.

Ranar Juma'a Zabeirou kan kira mahaifiyarsu a wayar hannunsa. In an zo kan Hindatou, shi ke riƙe wayar ya kara mata a kunne, don kada ruwan hannunta ya ɓata ta. Wata Juma'a ta yi ta maza.

"Inna, har yanzu ban fara aikin ba. Yaya ne ke yi da takardata."

Sai muryar tsohuwa ta zo daga nesa. "Na ji, ya gaya min. To ke, abin yayanki ba naki ba ne? Shi ya gyara mana rufin ɗaki bana. Ki yi haƙuri, Hindatou, kada ki ja mana abin faɗa a cikin dangi. Ɗan'uwa rabin jiki ne."

Ta so ta tambaya wane rabin ne ita, na sama ko wanda ake takawa, amma ya riga ya janye wayar yana cewa katin waya na ƙonewa.

Abu ɗaya ne ke sanyaya mata rai a gidan, shi ne littattafan yara. Zabeirou ba ya iya duba aikinsu, don haka yakan kwaso su ya zube mata. Ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ta san su sarai. Ta san Nazirou mai danna biro har ya huda takarda. Ta san Djamila mai zana fure a gefen kowane shafi. Ta kuma san Soumaya Seydou, 'yar aji biyar, wadda ba ta gajiya da tambaya. Da alama a aji an hana ta, sai ta koma rubutawa a ƙasan shafi: Mushe, in an kashe kwamfuta, ina rubutun yake zuwa? Mushe, ita ma tana mantuwa? Hindatou takan ɗauki jan biro ta amsa mata a tsanake, layi uku, layi huɗu, wani lokaci har da ɗan zane.

Wannan ma bai daɗe ba. Wata rana Zabeirou ya shigo a fusace, ya jefa mata littafin Soumaya.

"Wa ya sa ki? Yarinyar nan ta tashi a gaban aji ta ce in ƙara mata bayanin abin da na rubuta mata. Ni ina na san abin da na rubuta? Direktan ma ya fara cewa rubutuna na littafi ya fi na allo kyau. Daga yau maki kawai za ki riƙa sawa. Daidai ko kuskure. Ba wa'azi."

"Yaya, tambaya ce ta yi, kuma tana da kyau."

"Yaran da ke yawan tambaya ba sa albarka. Ke ma ga shi nan."

A shekara ta biyu wani ɗan kasuwa a cikin ƙungiyar ya yi abin kirki, wanda ya zama wa Mushe Zabeirou masifa. Ya sayo tsofaffin kwamfutoci uku ya ba makaranta kyauta. Aka jera su a aji, aka kira malamin fanni. Hindatou ta ji labarin daga bakinsa, ko da yake ba yadda ya faru ya ba da shi ba, sai da ta tsince gaskiyar daga cikin ƙorafinsa. Ya danna maɓallin gilashin kaɗai, bai kunna ainihin na'urar ba, ya tsaya rabin sa'a yana jira, yara talatin da huɗu na kallonsa. Da abin ya ƙi, ya gyara tabarau ya ce musu na'urorin sun sha hanya, sai sun huta. Sannan ya ce wa direktan zai tafi da ɗaya gida ya binciki lafiyarta.

Da aka shigo da ita falon, Hindatou ta goge hannunta a zane sau biyu kafin ta taɓa. Ta haɗa wayoyin, ta danna inda ake dannawa, na'urar ta yi ƙara ta kawo haske. Ta ɗora yatsu a kan maɓallan. Sun yi tauri, fatar da ta tsage tana zafi, amma ba su manta hanya ba. Ta rubuta sunanta cikakke, ta zauna tana kallonsa.

"Goge wannan," in ji Zabeirou daga bayanta. "Nuna min inda kika taɓa."

Wata guda tana koya masa. Ya riƙe linzamin na'urar kamar mai riƙe cebur. Ya iya kunnawa, ya iya kashewa, ya iya buɗe shafin rubutu in an yi sa'a. Ranar da ya goge aikin sati guda da hannunsa, ya ɗauke ta da mari, wai ita ta tsaya masa a ka har ya rikice. Saoudé ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ke ma dai kin cika matsa masa. Mutum ya wuni yana fama da 'ya'yan mutane."

Wata Asabar da hantsi, Zabeirou ya tafi aski, Saoudé ta shiga maƙwabta ta bar ƙofa a sake. Hindatou na zaune tana buga jarrabawar 'yan aji biyar, sai ta ji sallama. Wani dattijo ne dogo mai furfura a gemu. Ya ce shi ne Mushe Seyni, direktan makaranta, ya zo ganin ko na'urar ta warke, don wata guda ya isa jinya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yatsunta suna gudu ba tare da ta dubi maɓallan ba. Ya matso ya dubi littafin darasi da ke buɗe a gefenta, ya ɗaga shi kusa da ido. Ya san rubutun.

Hindatou ta ga ya gane. Ta sauka daga kujera ta durƙusa, ta gaya masa komai, tun daga wayar da aka yi mata har zuwa mai hoton takardu. Ba ta yi kuka ba, don ta daɗe tana shirya maganar a ranta. Ta ce ba ta neman a wulaƙanta yayanta, a dai ba ta ajinta.

Mushe Seyni Bazabarme ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ko da yake makarantarsa tana rabawa. Ya zauna ya daɗe yana shafa gemu.

"Yarinya, kai ya yi ƙoƙari," ya ce. "Ni tun da daɗewa na ga alama. Amma duba. Mun riga mun nuna Mushe Zabeirou ga iyaye. Mun rubuta sunansa a rahoton ƙungiya. Mai ba da kwamfuta ya ɗauki hoto da shi. In na ce yau takarda na ƙarya ne, wa za a tambaya? Ni za a tambaya, don me ban duba ba. Kuma kai ba ka da iƙama. In na sa ka a aji, aka zo bincike, a rufe lakwal, yara ɗari biyu su koma titi. Kana son haka?"

"A'a, Mushe."

"Yauwa. Yara suna samun ilimi, ko ba haka ba? Ilimi ya fito daga gidan nan. Ko ta ƙofa ya fito ko ta taga, duk ɗaya ne. Allah ya san mai yi."

Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo kamar wanda ya tuna wani alheri. "Tunda hannunka yana sauri haka, zan aiko da jarrabawar sauran azuzuwa. Na'urar ya zauna nan, ba gaggawa."

Ya cika alkawari. Ran Litinin Zabeirou ya dawo da damin takardu, lissafi da tarihi da Faransanci, aji ɗaya zuwa shida. Ya dawo kuma da labarin cewa direktan ya ja shi gefe ya ce ya riƙa kula da ƙanwarsa, yarinyar kirki ce, sai dai tana da baki.

"Ni za ki kai ƙara?" ya ce, muryarsa a ƙasa. "Ni da na ɗauko ki daga zaman banza, nake ciyar da ke?"

"Ba ni fasfona in koma gida, Yaya. Ka riƙe diflomar."

Ya yi dariya. Saoudé ce ta amsa daga bakin kicin. "Wane fasfo? Wanda ke ƙasan akwatinsa? Ai tun watan azumi ya mutu, na ji yana faɗa. Ba inda aka kai shi, ofis ɗin nan ƙarƙashin gadonmu yake."

Zabeirou ya harare ta, ta ja bakinta ta koma ciki. Ba tausayi ne ya sa ta faɗa ba. Tsoro take kada a ce za a mayar da Hindatou, tukwane su dawo kanta, shi ya sa ta nuna mata hanyar a toshe take.

Hindatou ta rufe littafin darasi, ta ɗora biro a kai, ta tura masa. "Na gama. Malamin kwamfuta ya rubuta darasinsa."

Ta yi girki, ta yi wanki, amma ba ta ƙara taɓa biro ba. Ya yi faɗa, ya yi zagi, ya sake marinta, ya ce zai kira 'yan shurɗa da kansa. Ta ce ya kira, in sun tambayi abin da ya kawo ta Sabha za ta gaya musu. Bai kira ba. Ya kira Inna, Inna ta yi kuka ta ce Hindatou na so ta kashe ta da hawan jini. Hindatou ta saurara har aka gama, ta koma kan wankinta. Mako biyu Mushe Zabeirou yana shiga aji da abin da ke kansa, abin da ke kansa kuwa ba ya kai minti goma.

Saoudé ce ta samo maganin. Hindatou ta ji ta ta bayan labule tana ce wa mijinta, "Kai ma ba ka san ƙanwarka ba. Bar dukan nan. Kwaso littattafan yaran ka ajiye mata a tabarma, kada ka ce komai."

Ya kwaso ya ajiye. Kwana biyu tana share gefensu tana wucewa. A rana ta uku, bayan ta sauke tukunya, ta ce bari ta ɗan leƙa ɗaya kawai. Na Nazirou ne. An sa su rubuta cewa kwamfuta tana da hanta da ƙoda kamar ɗan Adam. Ta buɗe na Djamila, abu ɗaya ne, da fure a gefe. Ta nemo na Soumaya. A ƙasan shafin, da ƙananan baƙaƙe, yarinyar ta rubuta: Mushe, da can ka ce abu kaza, yanzu ka ce wani. Wanne zan rubuta ranar jarrabawa? Ko na yi laifi ne ka daina amsa min?

Jarrabawar saura kwana tara. Hindatou ta daɗe da littafin a cinya. Ta san tarko ne, ta ji lokacin da aka ɗana shi. Ta kuma san ba Zabeirou ne zai faɗi jarrabawar ba. Ta tashi ta ɗauko jan biro.

Da ya dawo ya tarar da darasin gobe a kan katifarsa, da manyan baƙaƙe, sai ya ɗauka ya sa a jaka. Ya dai ce wa Saoudé ta ƙara wa Hindatou nama a miya, don shi mutum ne mai yafiya.

Ƙarshen shekara makaranta ta shirya bikin ba da kyaututtuka, aka ba matar Mushe Zabeirou kwangilar abinci. Tukwanen sun fi ƙarfin bayan Saoudé, don haka a ranar 'yan shurɗa suka daina zama haɗari. Aka sa Hindatou a bayan motar ɗaukar kaya tare da kulolin shinkafa. Wata ashirin da zuwanta Sabha, ranar ta fara ganin makarantar da aka kira ta dominta. Ta shiga ta ƙofar baya, da kula a ka.

Aka ajiye ta a gindin bango da ludayi. Daga nan tana hango rumfar da aka kafa, da iyaye a kan kujeru, da shugabannin ƙungiya cikin manyan riguna. Aka fito da kwamfutoci biyu a kan tebur. 'Yan aji biyar suka jeru, suka rera waƙar haruffa, irin yadda ta tsara ta a bakin baho, har da inda ake tafa hannu. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka zauna suka buga sunayensu, yatsunsu a inda ya kamata. Iyaye mata suka yi guɗa. Hindatou ta ajiye ludayin cikin kula.

Da aka ba da hutun cin abinci, yara suka yi layi a gabanta. Tana zubawa tana kallon fuskoki, tana ƙoƙarin haɗa kowace da rubutunta. Wata siririyar yarinya mai tabon tawada a yatsa ta miƙo kwano, da kyautar ta ɗaya a hammatarta.

"Mai abinci, a ƙara min miya."

"Yaya sunanki?"

"Soumaya Seydou."

Hindatou ta zuba mata miya har da tsoka biyu. "Kin gane inda rubutu ke zuwa in an kashe na'ura?"

Yarinyar ta dube ta da mamaki. "Na gane. Mushe ya bayyana min a littafi. A aji ba ya son magana, amma a littafi ba wanda ya kai shi." Ta ɗan karkata kai. "Ke ma kin san kwamfuta ne?"

Saoudé na tsaye a gefe. "Ina fa ta sani," ta ce. "Wuce, kin tare layi."

Bayan cin abinci Mushe Seyni ya karɓi lasifika. Ya ce a duk shekarun da ya yi yana koyarwa bai ga malami mai sadaukarwa kamar Mushe Zabeirou ba, mutumin da har gida yake kai aiki. Ya ce ƙungiya ta yanke shawara, daga baɗi zai riƙa koyar da sauran malamai, kuma za a buɗe masa ajin manya da yamma. Yana faɗa idonsa ya faɗa gindin bango, ya yi sauri ya mayar da shi kan takardarsa. Hindatou ta fahimci abin da aka sanar. An ƙara mata aji biyu.

Aka miƙa wa Zabeirou takardar yabo a cikin gilashi. Shugaban ƙungiya ya roƙe shi ya yi wa iyaye nasiha, musamman masu hana 'ya'ya mata zuwa makaranta, tunda ga shi yarinya ce ta zo ta ɗaya a fanninsa.

Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa sama.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah ku bar 'ya'yanku mata su yi karatu. Masu cewa karatun mace asara ne, ba su san abin da suke faɗa ba. Ilimin 'ya mace ba ya taɓa tafiya a banza. Ko ita ba ta ci moriyarsa ba, wani a gidan zai ci. Ni nan da kuke gani, shaida ne."

Aka tafa har rumfa ta amsa. Wata tsohuwa da ke kusa da Hindatou ta share ƙwalla ta ce Allah ya ƙaro mana irinsa. Hindatou ba ta ce amin ba. Ta duƙa ta fara tattara kwanukan da aka watsar a ƙasa, tana tunanin cewa tun da ta zo garin nan, yau ce rana ta farko da ta ji yayanta ya tsaya gaban mutane ya faɗi gaskiya, kuma da kansa ya tsara maganar.